Tagar da Ke Kallon Ɗakin Direba

Mai Ɗinki tana cusa tsumma a gefen tagar kicin sai ta ji muryar Baba Direba daga ɗakin da ke kallon nata.

"'Yar nan, yau ma ba a ɗora tukunya ba?"

Ta ɗan buɗe. Yana tsaye dafe da bango, siririyar roba ta fito daga ƙirjinsa zuwa jakar farin ruwa da ke rataye jikin sandar ƙarfe. Tun da likitoci suka yanke masa yawancin hanjinsa, ɗan abin da ya rage ba ya riƙe abinci. Ta jijiya ake ciyar da shi, awa goma sha shida kullum. Shekara talatin yana jan babbar mota, yanzu iyakar tafiyarsa bakin taga, inda robar ta ƙare.

"An ɗora, Baba. Toshewa nake yi, kada ƙamshi ya dame ka. Duk gidan muka yi shawara. Mama matarka ma a wajen ƙanwarta take ci."

"Au, taro kuka yi a kaina? An rufe baki, an ɗaure ƙafa, hancin ma sai kun ƙwace?"

Kunya ta kama ta. "Maganar dashen hanjin fa?"

"Sun ce jikina ba zai ɗauka ba. Jijiya ɗaya ta rage da za a sa robar." Ya gyara tsayuwa. "Soya albasa, 'yar nan. Ki bar ta ta ɗan ƙone, yadda kike yi in hankalinki ya tafi kan keken ɗinki."

Ta zare tsumman.

Kwana tara yana duba mata girki daga nesa.

"Mai ya yi yawa!"

"Kai Baba, daga can?"

"Hancin direba ne. Tayar da ke ƙonewa a baya ma ina jin ta."

Ran na goma zazzaɓi ya shiga ta wajen robar. Aka fita da shi da hantsi, bai dawo ba.

Bayan masu gaisuwar rasuwa sun watse, matarsa ta ƙwanƙwasa ƙofar kicin, da kwano a hannunta.

"Ɗan sam min. Wata biyar ban ci abu mai zafi a gidan nan ba."

Mai Ɗinki ta zuba mata, ta jawo kujera. Matar ba ta zauna ba. A tsaye ta ci, a hankali, tururi yana fita ta taga.