Biyar a Ɗebe Ɗaya

Sabi ya zalunci 'yarsa Bona, kuma ba da bulala ba. Da bulala ce, da tuni ta warke.

Ya shigo gida da azahar, ya jingine babur ɗinsa na haya a jikin rumbun doya, fuska a murtuke. Malamar aji ɗaya ce ta tare shi a bakin makaranta, a gaban 'yan kabu-kabun garin Nikki, ta ce 'yarsa ta iya tarawa, amma da an zo ɗebewa sai ta kafe kamar jaki a bakin gada. Abokan sana'a suka yi ta yi masa dariya.

Bona na zaune a tabarma da ƙwarar kaɗanya biyar a gabanta. Da su ne uwarta Yon ta koya mata lissafi kafin ta rasu da damina. Kowace ƙwara mutum ce a gidan: babbar Baba, mai tamoji Kaka, ƙaramar Bona, mai santsi Inna. Da aka haifi ƙanenta Woru aka ƙara ɗaya. In Sabi ya tafi Paraku sai a ɗebe tasa, in ya dawo a mayar. Tun da aka binne Yon, yarinyar ba ta yarda an ɗebe kowa ba.

"Biyar a ɗebe ɗaya, saura nawa?" in ji Sabi.

"Wa za a ɗebe, Baba?"

"Ko wa! Ɗebe ta uwarki, ai ba ta nan."

Bona ta dafe ƙwarar da tafin hannu. "In ba a ɗebe ta ba, ba ta tafi ba."

Kaka, uwar Sabi, tana kirɓa sakwara a gefe. Ta ce, "Kai, rabu da yarinyar nan. Kai da ka daɗe a aji ɗaya har benci ya san warinka, yau kai ne malami?"

Maganar ta faɗo masa a kan dariyar ɗazu. Ya ɓamɓare yatsun yarinyar, ya ɗauke ƙwarar mai santsi ya wurga a murhu. Ƙwarar kaɗanya kuwa maiƙo gare ta. Kafin Kaka ta yar da taɓarya ta kai hannu, wuta ta lashe ta.

"Yanzu saura nawa?"

Bona ba ta yi kuka ba. Ta dubi tabarma ta ce, "Huɗu."

"To, kin gani? Abin wahala ne?"

Ya juya zai shiga ɗaki, sai ya yi tuntuɓe da takalman Yon a bakin ƙofa. Shi da kansa ya hana a kawar da su tun ranar jana'iza. Ya tsaya yana kallonsu.

Da la'asar ya je wurin mata masu man kaɗe, ya tone buhu ya zaɓo ƙwara, ya yi ta goga ta a rigarsa har ta yi sheƙi. Ya dawo ya tsuguna a gaban 'yarsa.

"Bona, uwata, ga Innarki na dawo miki da ita."

Ta juya ta a hannu, ta ajiye a ƙasa, bayan tabarma. "Wannan baƙuwa ce."

Sannan ta ɗauki babbar ƙwarar, ta rusuna kamar yadda aka koya mata, ta sa masa a hannu.

"Huɗu a ɗebe ɗaya, uku. Na iya, Baba."

"To, mayar da ni mana."

Ta tattara ukun a bakin zane, ta koma bayan Kaka.

Bona ta ci ɗebewa a makaranta, malama har ta yaba. Tana gaishe shi da safe, tana kawo masa ruwa. Ƙwararsa tana cikin aljihunsa har yau, ba a sake ƙirga shi a gidan ba.