Zanen Bahago

Motar 'yan makaranta ta shigo layin da tayoyi baƙaƙe wuluk, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Tsohon direban, wanda yara da manya ke kira Baba Sannu-Sannu saboda ko mai keke yana iya wuce shi a hanya, ya danna hon, ya leƙo ta taga yana washe baki.

"Ina Bahago? Fito ka ga tsohuwa ta yi sabon takalmi!"

Bahago ya fito riƙe da jakar 'yarsa Lele. Kafin ya gama amsa gaisuwa har ya durƙusa gaban tayar gaba. Wannan hali nasa ba wanda bai sani ba a layin. Mutum ne da ba ya shiga mota sai ya zagaya ta yana leƙen ƙafafunta kamar mai cinikin akuya. Matarsa ta sha tsayuwa a bakin titi rana na dukanta, motoci na wucewa da kujeru a sake, shi kuwa yana girgiza kai yana cewa a jira ta baya. Ta yi mita har ta gaji, ta koma yi masa dariya. Kowa ya ɗauka iyayi ne irin na wanda ya daɗe a shagon taya. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake nema.

Yau dai ya ga abin da yake nema.

Zanen tayar ya karkata hagu. Kowane layi ya gangaro ya ɗan lanƙwashe a ƙarshe, yadda wuƙa ke yi a hannun wanda ba ya aiki da dama. Injin kamfani ba ya wannan lanƙwasa. Ya san zanen nan sarai, domin shi ya yanka shi da hannunsa.

"Ka gani ko?" in ji Baba Sannu-Sannu, ya sauko yana dafa gwiwa. "Na zaga kasuwa har ƙafata ta kumbura. Sababbi dal ba a magana, abin da iyayen yara suka haɗa ko rabi ba zai kai ba. Sai Allah ya haɗa ni da wani mai shago, mutumin kirki, ya ce waɗannan na hannu ne amma ba su sha hanya ba. Kuma dabararka na bi, ɗana."

Ya zaro tsinken ashana daga bayan kunne, ya cusa shi cikin zanen. Kan ashanar ya nutse tsaf.

"Ba kai ka ce in kan ashana ya ɓace, taya na da sauran rai ba? To ga shi, har da ragowa."

Shi ya faɗa kuwa, tun yana faci a gaban shago, tun kafin a mayar da shi bayan shago. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga maƙwabciyarsu mai ɗinki ta fito tana jan hannun 'yarta, tana sa wa direban albarka. Lele ta riga ta haye, ta kame kujerarta ta jikin taga.

"Baba, jakata!"

Ya miƙa mata. Motar ta tashi, ya bi ta da ido har ta sha kwana.

* * *

Shagon da Bahago yake aiki fuska biyu gare shi. A gaba akwai fanka, da kujerar baƙi, da tayoyi jere a naɗe cikin leda. A baya akwai wani fili da aka zagaye da tsohon kwano, inda ake jibge tayoyin da suka gama aikinsu a duniya, sumul kamar ƙoƙon kan mai sanƙo. Nan ne wurin zamansa.

Aikin ba wuya a ido. A wanke taya, a ɗora ta kan benci, a jona wuƙar wuta ta yi zafi. Sai a bi sawun tsohon zane a yanka sabo cikin ɗan naman da ya rage. A goge shekarar da aka buga a gefe, a shafa baƙi, a bar ta ta sha iska. Kuma kowane mai yanka yana da tsinken ashana a bayan kunne, don sun san da shi mai saye zai zo. Daidai zurfin kan ashana ake yankawa, ko da kuwa abin da zai rage tsakanin kwalta da wayar cikin taya bai fi kaurin takarda ba. Bahago ya fi kowa iyawa. Abin haushin ke nan, da a ce bai iya ba da tuni an kore shi ya huta.

Ranar nan wuƙa ta ƙi zama a hannunsa. Ya ɗauka ya ajiye. Ya tashi ya sha ruwa, ya dawo, ya sake tashi. Warin roba mai ƙuna, wanda ya daɗe da daina ji, yau ya cika masa hanci. Ko salansar babur ce ta yi ƙara a titi sai ya zabura. Rana na ƙara take, yana tuna yadda kwalta ke zafi, yadda iska ke kumbura cikin taya tana neman wurin da ya fi sirara.

Kuma ya san wurin. A cikin tayoyin motar yaran akwai guda da wuƙa ta zarce masa har ya hango waya tana ƙyalli. Ya cike gurbin da gam, ya shafe da baƙi, ya tura ta cikin sauran. Da safe ya laluba da yatsa ya ji ta. Ita ce a gaba, ɓangaren direba.

Da abin ya ishe shi, ya zagayo gaban shago. Maigidansa na zaune ƙarƙashin fanka yana latsa waya.

"Maigida, tayoyin da muka ba mai shagon bakin kasuwa, ina son a karɓo su."

"A karɓo su a ina?"

"Suna jikin motar 'yan makaranta. 'Yata na ciki."

Maigidan ya ɗago. Ba mugu ba ne a fuska, yana ma tambayar lafiyar Lele lokaci-lokaci.

"Ai sai ka cire ta daga motar," ya ce.

"Sauran yaran fa?"

"Kai ka haife su? Bahago, taya in ta bar shago ta zama ta mai ita. Ni ban tare kowa a hanya na ce sai ya saya ba. Mutane ba su da kuɗin sabuwa, mu muke rufa musu asiri. Nawa ka yanka tun da ka fara? Nawa ka ji sun fashe?"

"Ai in sun fashe ba mai dawowa ya faɗa mana."

Maigidan ya ajiye wayar a kan tebur a hankali.

"To je ka faɗa. Amma in an zo tambaya, hannun wa ke jikin tayar, nawa ko naka? Ni ko wuƙar ban iya riƙewa ba. Koma bakin aikinka, akwai masu jira."

Ya koma, amma har aka tashi bai gama ko guda ba.

* * *

Ya riga motar isa gida. Ya tsaya a ƙofa, ya taka zuwa bakin layi, ya dawo, ya sake komawa. Matarsa na tsakar gida tana kwashe shanya, tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Wai yau cinnaku ne suka shiga wandonka?"

Sai da ya ji hon ɗin nan, ya ga Lele ta diro tana tsalle, sannan numfashinsa ya dawo. Ya rungume ta har ta ce yana matse ta. Da ta shige ɗaki, ya tsuguna kusa da igiyar shanya ya faɗa wa matarsa komai, har da wayar da ya rufe da gam. Ita dai abin da ta sani, mijinta gyaran taya yake yi. Ta tsaya da rigar makaranta a hannu, tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Ashe duk tsayuwar ranar da na sha, aikin hannunka kake gudu."

Ya sunkuyar da kai.

"Tashi ka je ka faɗa wa tsohon nan. Yanzu-yanzu."

"In ya ce yaya aka yi na sani fa?"

"Ka ce kai ka yi!"

"Sai kuma me? Gobe a layin nan kowa ya san mijinki ne ya yanka wa 'ya'yansu taya. Aiki ya tafi. Ki fita ɗibar ruwa ana nuna ki da baki. Lele ta je makaranta a ce mata..."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Ta ninke rigar, ta warware, ta sake ninkewa. Daga bayan katanga ana jin keken ɗinkin maƙwabciya yana ta aiki, da muryar 'yarta tana kiran Lele ta fito wasa.

"Ni dai ka je," ta ce, amma muryar ta yi ƙasa. "Ka san yadda za ka faɗa."

Ya tarar da Baba Sannu-Sannu a ƙofar gidansa da bokiti da tsumma, yana wanke tayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa jika wanka. Tsohon ya jawo masa benci.

"Zauna, ɗana. Wallahi yau na ji daɗin tuƙi. Ka san tun da aka haɗa kuɗin nan ban yi barcin kirki ba? Har cewa aka yi wai zan ci rabi in sayo ruɓaɓɓu. Ni, da furfurata! Yau kuwa uban da ya fi kowa surutu shi ya fara shafa tayar yana jinjina kai. Na ɗaga kaina a layin nan."

"Baba, tayoyin nan..."

"Na'am?"

Tsohon ya juyo da tsumma na ɗiga a hannunsa, fuskarsa fal murna. Maganar na nan a kan harshen Bahago, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ya ji ta taso, ya ji ta koma. Ya tsani kansa a wannan lokacin, ya kuma san ya tsani kansa, amma hakan bai buɗe masa baki ba.

"Kada ka cika musu iska da yawa," ya ce. "Kuma in rana ta take, ka riƙa bi a hankali."

Baba Sannu-Sannu ya ƙyalƙyale da dariya har da tari.

"Ni za a ce wa in bi a hankali? In na rage kan wanda nake yi, ai sai dai yaran su sauka su tura ni!"

Bahago ya taya shi dariyar. Da ya koma gida matarsa ta dube shi, shi ma ya dube ta. Ba ta tambaya ba, ta ajiye masa abinci ta koma ɗaki.

* * *

Da asuba aka yi ruwa, layin ya jiƙe ya yi taushi. Da motar ta tsaya, Lele ta ruga za ta hau, ubanta ya riƙo hannunta.

"Daga yau ni zan riƙa kai ki. Da ƙafa za mu je."

"Baba, da nisa fa!"

"Lafiya, ɗana?" in ji direban. "Ko na yi laifi?"

"A'a, Baba. Mota ce ke sa ta jiri kwanan nan."

Lele ta ɗago za ta ƙaryata, ya matse mata hannu. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, idonta a ƙasa. Maƙwabciya mai ɗinki ta yi wa Lele sannu, ta ɗaga 'yarta ta sa a mota tana ce mata:

"To tunda ƙawarki ba ta zuwa, yau ke ce a taga."

Yarinyar ta manna fuska a gilashi tana yi wa Lele gwalo, sauran yaran na ɗaga hannu suna ihu. Baba Sannu-Sannu ya danna hon, ya ja motarsa a hankali yadda ya saba.

Lele ta turo baki, ta fizge hannunta, ta tsuguna tana wasa da taɓo. Can sai fushin ya wuce, ta kira shi.

"Baba, zo ka gani. Dubi abin da taya ta zana."

Sawun ya fito raɗau a jiƙaƙƙiyar ƙasa, layi bayan layi, kowanne ya karkata hagu ya lanƙwashe a ƙarshe. Ta bi ɗaya da ɗan yatsanta.

"Wanda ya yi wannan ya iya zane, ko Baba?"

Bahago ya sa takalmi ya murje wurin. Sannan ya ɗaga kai. Sawun ya miƙe gaba, layi biyu, har ƙarshen layin, ya sha kwana ya hau titi.