Shafin Makarantar Yaya

Auta yana cikin jera hotunan takalma a shafin intanet na wani mai shago sai wayarsa ta ɗauki ƙara. Yayarsa ce, mai ƙaramar makarantar yara da ke ƙarshen layinsu. Ko gaisuwarsa ba ta tsaya amsawa ba.

"Taso yanzu-yanzu. Ka zo da kwamfutarka."

"Lafiya dai, Yaya?"

"Da lafiya zan kira ka ana tsakiyar karatu?"

Shi dai Auta bai taɓa zama ajin koyon kwamfuta ba, kuma da wannan yake taƙama. Bidiyon koyarwa na intanet ne suka raine shi. Ya san inda ake ɗiban hotuna kyauta, ya san inda ake haɗa launuka da zaɓen haruffa, har yana da bulog, shafin kansa da yake koya wa masu tasowa hanyar samun kayan aiki ba tare da an taɓa aljihu ba. Idan ka ce masa araha ba ta ado, sai ya juyo maka da kwamfuta ya nuna maka shafin makarantar Yaya. Gaskiya kuma shafin ya yi kyau, maƙiyi ma sai ya yaba.

Ita kuwa Yaya, a falonta ta fara makarantar da 'ya'yan maƙwabta, ta yi shekaru tana goge hanci da ɗaure igiyar takalmi kafin ta samu gini. Makarantar yara da suna take rayuwa, kuma sunan nan shi ne duk abin da ta tara.

A ofishinta Auta ya tarar da Baban 'Yan Biyu, shugaban ƙungiyar iyaye, tsaye ƙiƙam ya ƙi kujera. Mutum ne mai fara'a, amma ranar fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa.

"Matata ta buɗe shafinku za ta duba ranar hutu," in ji shi. "Abin da ta gani, bakina ba zai iya faɗa a gaban Malama ba."

Auta ya ɗora kwamfuta a kan teburin, ya ture kwandon alli gefe, ya buɗe shafin. Ga yara suna murmushi, ga jadawalin karatu, ga hoton Yaya da tabarau. Komai tsaf. Ajiyar zuciya ta ƙwace masa, daga nan kuma bakinsa ya fi ƙarfinsa.

"Ranka ya daɗe, shafinmu ƙalau yake. Wayar ce ta kwaso cuta. Ka san waya, duk inda aka shiga da ita sai ta taho da tsaraba."

Baban 'Yan Biyu ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Wato matata kake nufi tana shige-shige?"

"A'a, ba haka..."

"Malama, buɗe a taki wayar."

Yaya ba ta cika leƙa shafin ba. Me zai kai ta, tunda ƙaninta na kula da shi? Ta lalubo adireshin da yatsa ɗaya, ta jira ya buɗe. Sai ta saki salati, wayar ta suɓuce ta faɗi kan cinyarta.

Auta ya ɗauka. Sunan makarantar yana nan a sama, hoton yaran ma yana nan. Amma a ƙarƙashinsu tallan caca ne ke walƙiya ja da rawaya, kuma a gefen hoton Yaya an jera wasu mata da ba su da labarin an ƙirƙiro tufafi. Ya dubi kwamfutarsa, tsaf. Ya dubi wayar, ƙazanta. Adireshi ɗaya, shafi ɗaya.

Aka kira malamar aji ɗaya ta gwada tata. Ta kalla sau ɗaya ta kife wayar, ta fice tana riƙe da baki.

Nan fa wani abu ya faɗo wa Auta. Tun ranar da ya gina shafin, kwamfutarsa ta riƙe masa kalmar sirri. Kullum a matsayin mai shafi yake shiga, haka ma a wayarsa. Bai taɓa fita ya shigo kamar baƙo ba. Ya kai kibiyar allo kan wurin fita, ya danna, ya sake buɗewa.

Matan suka bayyana a tasa kwamfutar, manya-manya, sun cika allon.

"Rufe!" Yaya ta daka masa tsawa. "Rufe min wannan abin a ofishina!"

Ya rufe. Ya san tushen abin, sanin ne ma ya fi komai ciwo. Ƙirar da ya ɗora wa shafin ta sayarwa ce, irin wadda masu sana'ar ke saya a shirye su zuba rubutu da hotuna. Shi kuwa wadda aka fasa makullinta ake rabawa kyauta ya sauke a wani wuri da wani mai bidiyo ya nuna, har ya yi ta yi wa masu saye dariya. Ashe banza ba ta kai zomo kasuwa. Waɗanda suka fasa ta sun cusa nasu a ciki, sun kuma koya masa wayo: idan mai shafi ne ya zo, ya nuna fuskar kirki, idan baƙo ne, ya baje kolinsa.

Ya yi wa Yaya bayani da muryar da shi kansa bai gane ta ba. Tambaya ɗaya ta yi masa.

"Tun yaushe?"

Ya so ya ce jiya. Ya so ya ce makon nan.

"Tun ranar da na ɗora shi, Yaya."

Ta mai da idonta kan bango. "Shi ya sa," ta ce a hankali. "Iyaye su zo su ga azuzuwa, su yaba, in ce su duba shafinmu, shi ke nan ba na sake ganinsu. Na sake fenti. Na yi wa malamaina faɗa har wata ta yi kuka. Ashe ni ce nake tura su da bakina."

Kafin ta rufe baki Auta ya sauke shafin gaba ɗaya. Aikin bai kai shan ruwa ba, saurin ma sai ya ƙara ba shi kunya.

Baban 'Yan Biyu ya gyara murya. Fushinsa ya sauka, tausayi ya maye gurbinsa. "Malama, ni na san ki. Amma matata ta ce yaran su zauna a gida tukuna. Ki yi haƙuri."

Aka kaɗa ƙararrawar tashi. Yaya ta miƙe don ta raka shi, Auta ya bi bayanta. Yara suka ɓarke daga azuzuwa, kowane da jakar makaranta a baya, irin wadda ake ba su ranar shiga. A ƙasan kowace jaka an buga adireshin shafin da manyan haruffa. Shawarar Auta ce wannan, ya ce talla ce mai tafiya da ƙafarta.

Wata yarinya ta zo wucewa, Yaya ta riƙo jakarta ta juya. An shafe adireshin da baƙin alƙalami. Ta tare wani yaro, tasa an liƙe wurin da tef. Ta uku an kankare haruffan da reza. Auta ya sunkuya ya duba da kyau. Tawadar ta koɗe, gefen tef ɗin ya yi baƙi da datti. Wannan ba aikin yau ba ne, ba na watan nan ba ne.

A bakin ƙofa iyaye mata suna tsaye suna jiran 'ya'yansu. Uwar yarinyar ta ɗago hannu da fara'arta ta kullum.

"Malama, sannu da aiki!"

Yaya ta amsa, har da murmushi. Sannan ta ce, ba tare da ta dubi ƙaninta ba, "Sun daɗe da gani, Auta. Kullum a nan suke gaishe ni, kunyata ce ta hana su faɗa."