Tsayuwar Safe

Tun da aka sayar da saniyar ƙarshe Malam Sule ya rage magana, ɗan abin da ya rage ɗin ma ba ya kashe shi a kan ɗansa Gidaɗo. Shi kuwa Gidaɗo ba abin da yake kwaɗayi kamar tsohon ya dube shi ya ce madalla, irin ta da, in ya koro garke gida ba wadda ta ɓace.

Matsalar, aikin nasa ba ya faɗuwa a baki. Wani ƙaramin kamfani ne a Ƙofar Ƙaura cikin birni, na masu haɗa manhajar waya. Kullum da safe Gidaɗo zai tara ma'aikatan a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da na yau, da abin da ya tare masa hanya. Kawar da abin da ya tare ɗin, shi ne aikin Gidaɗo.

"Kai ne ubangidansu?" tsohon ya taɓa tambayarsa.

"A'a, Baffa."

"Kai ke haɗa abin?"

"A'a."

"To mi kake yi?"

Gidaɗo ya yi ta kame-kame. Daga ranar ba a sake tambayarsa ba, abin kuma ya tsaya masa a rai.

Ran nan ya ɗauko tsohon daga Batagarawa za su ga likitan ido. Da sauran lokaci, sai ya zaunar da shi a benci cikin ofis, ya shiga taron safe. Fadila ta yi korafin intanet, Mahmud ya cika baki kamar kullum. Da aka zo kan Lawal, ya dubi ƙasa ya ce, "Lafiya lau," aka wuce.

Ana watsewa Malam Sule ya yafito ɗansa da hannu.

"Dogon can mai cewa lahiya lau, ɗingishi yakai."

"Na gani, Baffa. Aikin ya fi ƙarfinsa, kunyar faɗa yake."

"Shi ne ka ƙyale shi?"

"Ai ba a kama mai ɗingishi a tsakiyar garke, sai ta firgita ta ƙara wa kanta ciwo. Bari ake sauran su fita, a same ta ita kaɗai. Kai ka koya mini."

Tsohon na kallo Gidaɗo ya ja kujera kusa da Lawal, suka yi ƙasa da murya, har kafaɗun Lawal suka sauko.

Madallar dai ba ta zo ba. Gidaɗo ya goya uban nasa a babur suka nufi asibiti, ransa duk ba daɗi. Sai da suka kusa shiga, ya ji tsohon ya matso da baki kusa da kunnensa.

"Gobe ma kuna tsayawa da sahe?"

"Kullum ne, Baffa."

"To ka zo ka ɗauke ni. Na daɗe ban ga an duba garke ba."