Damin Irin Nafisatu

Katafila biyu suka shiga gonar da hantsi, kafin azahar babu karan gero ɗaya a tsaye. Nafisatu tana bakin gona da 'yarta Mairo a goye, tana kallon ƙarfen yana naɗe geron da ya kai ƙugu, yana cusa shi cikin jar ƙasa kamar tsumma. Mijinta Lauwali ya tsuguna da fartanya tsakanin ƙafafunsa. Direban da ya sauko shan ruwa ya ce shi ma aiko shi aka yi. Aikin dam ɗin Bakolori ne, za a baje filin a ja hanyoyin ruwa.

Baje filin bai ba ta mamaki ba, tun bara suka san yana tafe. Asarar irin ce ta ci mata rai. Dami ɗaya ya rage musu a rumbu, zaɓaɓɓun zangarnun da aka ware don shuka. Ita ta ce a sussuke shi a ci, tunda gonar ba ta da tabbas, ga yarinya an yaye ta, ba abin da take karɓa sai kunu. Lauwali har ya fara yarda. Sai rediyo ya ba da labarin cewa Majalisar Dokokin Jiha a Sakkwato ta zartar da ƙuduri, kada a taɓa gonar kowa sai an girbe. Ɗan majalisarsu, Alhaji Dikko, shi ya kai maganar. Mata suka yi guɗa, liman ya yi addu'a, dattawa suka ce zance ya ƙare tunda majalisa ta yanke, kuma an faɗa a rediyo. Ruwan shuka na sauka kowa ya kwance irinsa. Ita da kanta ta bi bayan Lauwali, tana jefa ƙwaya a rami tana rufewa da diddige.

Ranar Talata mazan ƙauyen suka yi gayya zuwa gidan Alhaji Dikko a Talata Mafara. Nafisatu ta bi su, don Dikko kawunta ne na nesa, kuma shi ta fara dangwala wa yatsa a zaɓe a rayuwarta. Maza suka cika zaure, ita ta wuce cikin gida wurin matarsa Hajiya Larai. Ta bayan bango take jin su: ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa, yaya Sakkwato. Suka yi ta kewaye har aka kira salla, babu wanda bakinsa ya iya furta katafila.

Da Dikko ya shigo cin abinci ta durƙusa ta gaishe shi. Sannan ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta ajiye karan gero guda, da saiwarsa da ƙasarsa, kusa da kwanon tuwonsa.

"Kawu, ga abin da kunka ce a shuka."

Dikko ya daɗe yana kallon karan. Ya ce wallahi ranar har muryarsa ta dushe a zauren majalisa, kuma babu wanda ya ƙi ɗaga hannu. Amma tsarin mulki ya raba aiki. Kasuwa, makarantar yara, asibiti, hanyar ƙauye, waɗannan majalisar jiha na iya kafa doka a kansu, kowa ya bi. Dam kuwa na tarayya ne, igiyarsa na Legas. Abin da suka yi ƙuduri ne, ba doka ba. Sun aika da shi, suna jiran amsa.

"Kun san haka ran da kunka tada hannuwa?"

Ya ce sun sani. Sun yi fatan a ji nauyinsu.

"Roƙo ke nan kunka yi."

"Kira ne, Nafi."

"Da mai rediyo ya ce roƙo ne, da ɗiyar ga ta sha kunu har kaka." Muryarta ba ta tashi ba. "Mu ma mun iya roƙo, Kawu. Kullum muna yi. Ba mu taɓa shuka iri a kansa ba."

Hajiya Larai ta taɓa kafaɗarta, ta tuna mata kawunta ne fa take yi wa magana. Nafisatu ta ce ai shi ya sa ta shigo ciki, ba ta tsaya ƙofar gida ta faɗa ba.

Dikko ya ture kwanon tuwon. Ya sa Larai ta auno mata gero daga ɗaki. Nafisatu ta shimfiɗa gyalenta ta karɓa, don Mairo ba ta san fushi ba, yunwa ta sani. Tana ɗaure bakin ƙullin ta tambaye shi ko waɗanda ke zaure, da ba su da kawu a gidan nan, su ma za a auna musu. Ya ce da an koma zama zai sake miƙewa, zai kawo wani ƙudurin wanda ya fi na farko zafi.

Ta gyara goyonta, ta ɗora ƙullin a ka. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"In kun yi shi, Kawu, ku bar shi cikin ɗakin majalisarku. Kada a kai rediyo."

Ya tambaye ta dalili.

"Mutanen hayi katafila ba ta kai gare su ba tukuna," in ji ta. "Irin wakensu na nan cikin tulu, ba su shuka ba."