Kwalba Ɗaya, Yara Goma

"Karɓe ta, Mamman. Yi a hankali, kada kara ya karce ta."

Na ɗaga Leah da hannu biyu na miƙa ta ta saman dangar da ta raba gidana da na Muhammadu Sani. Shekara saba'in da 'yan kai ina duniya, amma da ka ga ɗagawar nan da ka ce saurayi ne. Ƙuguna ya yi wata 'yar ƙara, na yi tari na rufe ta.

Leah jikata ce, 'yar ɗana Obed da ke aikin gini a Rijiyar Zaki. Watanta goma sha huɗu. Amarya nake ce mata, ita kuma ba ta da aiki sai jan gemuna. Uwarta, Elizabet, ta tafi niƙa tun da hantsi, kuma kafin ta fita sai da ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, in na dawo zan kai ta wajen masu allura." Na ce mata Allah ya kiyaye hanya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Dattijo ba ya musu da surukarsa, dabara yake yi mata.

"Shago, anya kuwa?" in ji Muhammadu Sani, yana rungume da yarinyar. "Ka san fa an ce dole ne."

"Dole a gidan uban wa? Kai dai sa ta a inda baƙo ba ya shiga. In suka zo gidana su tarar da ni da akuya."

Abin da ya faru shi ne, ƙyanda ta ɓulla a ƙauyukan da ke gabas da mu, sai hukuma ta ce kowane yaro daga wata tara zuwa shekara biyar sai an yi masa allurar rigakafi. Wanda ya ƙi, za a kai sunansa gaban hakimi, kuma ba za a ɗauki ɗansa a makaranta ba. Liman ya faɗa a masallaci, Fasto ya faɗa a coci, karo na farko da na ji bakinsu ya zo ɗaya. Garinmu, Tsamiyar Biri, ya rabu biyu. Mutanen kansila suka ce gata ne. 'Yan hamayya suka ce wane irin gata ne da ba ya zuwa da taki, ba ya zuwa da ruwan sha, sai da tsinin ƙarfe?

Ni ba na jam'iyyar kowa. Amma da yammacin jiya, a gindin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa, ni na yi jawabin da ya kashe bakin kowa. Na naɗe hannun riga na nuna musu dantsena.

"Ku duba! Akwai lamba a nan? Zamanin agana da 'yan lamba suka zo, a rumbu uwata ta ɓoye ni kwana biyu. Na yi ƙyanda na tashi. Na ga yunwar da ta sa aka tona gidan tururuwa, na wuce ta. Kububuwa ta sare ni, ita ta mutu. Ƙarfen Bature bai taɓa shiga jikin nan ba, ga ni ina cin tuwo malmala uku!"

Aka yi shewa. Daga nan magidanta suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi mini raɗa, ina raba musu wuraren ɓuya kamar mai raba gado. Kai sa naka a rumbu, ai bazara ce, babu hatsi. Kai kuma bayan garken awaki. Kai gonar rogo. Na kwana ina jin kaina kamar sarkin yaƙi.

Masu allurar suka kafa tebur a gindin tsamiyar nan, da akwatinsu mai ƙanƙara. Wasu 'yan mata biyu suka bi gida gida suna tambayar yara suna rubutu da alli a jikin bango. Da suka zo gidana na ce musu ni gwauro ne, ban taɓa aure ba. Ɗaya ta kalli 'yan kamfai na yara da ke shanye a kan igiya, ta kalle ni. Na ce na akuya ne.

Da azahar Elizabet ta dawo da garinta a ka. Ta duba ɗaki, ta duba bayan ɗaki, ta fito ta tsaya daga nesa.

"Baba, ina Leah?"

"Ta je ziyara."

Ta ci gaba da tsayuwa, ba ta sauke ƙwaryar ba. Tsayuwar ta yi mini nauyi, na ce bari in je in ɗauko ta, tunda masu alli sun wuce.

Na zagaya na yi sallama a gidan Muhammadu Sani. Tun muna yara muke shiga wa juna, ba a yi mini shamaki. Na tarar da matarsa Safiyatu a tsakar gida, ta dawo daga rijiya ke nan, ta ɗora hannu biyu a ka tana yi masa faɗa ƙasa ƙasa.

"Malam, a wane ɗaki? A wane ɗaki ka ce ka sa ta?"

"Na ƙurya mana, inda Aina'u take kwance. Shago ya ce inda baƙo ba ya shiga."

"Ai saboda akwai baƙo a ciki ne ba a shiga!"

Nan take na gane. A wajenmu ba a kiran sunan ƙyanda in ta shiga gida, sai a ce baƙo ya sauka, baƙon dauro. A rufe yaro a ɗaki mai duhu, ba wanka, ba iska, kuma ba a gaya wa kowa, wani lokaci har maigida, don maganar mata ce. Muhammadu Sani ya ɗauka zazzaɓi ne kawai jikarsa take yi.

Na ɗaga tsohon bargon da aka toshe ƙofar da shi. Zafi da wari suka buge ni. Da idona ya saba da duhun, sai ga Aina'u kwance a tabarma, idanunta ja kamar gauta, ƙuraje sun feso mata daga bayan kunne har wuya, tana wani busasshen tari. Ga amaryata zaune a jikinta, ta riƙe kofin da ake ba Aina'u ruwa tana tsotsar bakinsa. Ta gan ni ta yi dariya.

Na san tarin nan. In ina ba da labarin ƙyandar da na yi na tashi, a nan nake tsayawa, don a nan labarin yake da daɗi. Mu huɗu muka kwanta a ɗaki ɗaya a shekarar. Ni kaɗai na fito da ƙafata da idona. An binne ƙannena biyu a mako guda, yayata kuwa ta rayu shekara hamsin ana jan ta da sanda. Wannan rabin ban taɓa faɗarsa a gindin tsamiya ba.

Na sunkuci yarinyar na fito. Elizabet tana tsaye a zaure, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta miƙo hannu, na hana ta. Na ce ni na kai ta, ni zan kai ta. Ko ni ban gane abin da nake nufi ba sai da na ga ƙafata ta nufi tsamiya.

Majalisa ta cika, don kowa ya zo kallon yadda masu allura za su wuni ba ciniki. Kamilu mai faci ne ya fara hango ni.

"A'a! Ga sarkin yaƙi nan da ganima! Baba Shago, kububuwar ce ta farfaɗo?"

Ban kalle shi ba. Na wuce wajen shugabarsu, wata doguwar mata da suke kira Malama Zakiyya, tana naɗe takardunta. Na gaya mata abin da ya faru da muryar da na ɗauka raɗa ce. Ashe kunnena ne ya yi nauyi, duk majalisa ta ji.

"Tun yaushe suke tare?" ta tambaya.

"Tun hantsi."

"To, da sauran dama, Baba. In aka yi mata kafin kwana uku da haɗuwarsu, ana sa ran ta tsallake, ko abin ya zo mata da sauƙi." Ta juya ta tura abokin aikinta gidan Muhammadu Sani, ta ce a buɗe wa yarinyar ɗaki ta sha iska, a ba ta magani, in numfashinta ya yi sama a wuce da ita asibiti.

"To bismillah," na ce, ni da ba Musulmi ba. "Soka mata."

Elizabet, da ta biyo bayana, ta karɓi 'yar ta matsa kusa da Malama, suka yi wata magana da ban ji ba. Sai Malama Zakiyya ta buɗe akwatin ta ɗago wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsana ba.

"Ka ga wannan, Baba? Ta yara goma ce. In na fasa ta, bayan awa shida ta lalace, sai zubarwa. Tun safe ban ga yaro ko ɗaya ba. Yanzu in fasa ta saboda mutum ɗaya, in zubar da rabon tara?"

"Nawa ne kuɗin taran? In sayar da akuya."

"Ba a sayarwa. Yara tara nake so. Da la'asar motarmu za ta zo."

Na dubi rana, ta fara karkata. Na dubi majalisa, duk suka sunkuyar da kai suna wasa da ƙasa, mutanen da jiya suka yi mini shewa.

"Malama, ai garin nan babu yara," in ji Kamilu. "Duk gwauraye ne mu. Ko ba haka ba, Baba?"

Na ɗauki sandata.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na fara da gidan Kamilun, don ya ji a jikinsa. Ban yi sallama ba, na wuce rumbu na ɗage murfin, ga tagwayensa a ciki sun yi sharkaf da gumi kamar an tsamo su daga rijiya. Matarsa ta ce, "Baba, ba kai ka ce..." Na ce, "Ni na ce, ni na warware. Baƙo ya sauka a gidan Mamman, danga biyu tsakaninku. Goya ɗaya, ni in ɗauki ɗaya."

Kalmar baƙo ta fi duk wani jawabi nawa aiki. Amma ba ko'ina aka karɓe ni da daɗi ba. Wani ya ce nawa kansila ya ba ni. Wata tsohuwa sa'ata ta ce tun muna yara ta san bakina ya fi kaina girma. A wani gida aka sakar mini kare, ni da na yi kokawa a gaban hakimai uku na haye turmi ina kiran sunan uwata. A bayan garken awaki na durƙusa in jawo wani yaro, bunsuru ya same ni a inda ba a faɗa. A kowane gida sai na faɗi rabin labarin nan da na ɓoye shekara sittin, na ƙannena da yayata. Na faɗe shi sau bakwai a yini ɗaya. A na farko da ƙyar na kai ƙarshensa, a na bakwai har na fara ƙara masa gishiri.

Ana kiran sallar la'asar na iso gindin tsamiya, yaro ɗaya a kafaɗa, ɗaya a hannu, mata na biye da ni da goyo, kuka ya cika gari kamar ranar kaciya. Na tsaya a gaban tebur ina haki.

"Ƙirga, Malama. Tara kika ce. Ga goma sha biyu. A fara da amaryata."

"Sannu da aiki, Baba. Zauna ka huta."

"Ba zan zauna ba sai an yi mata."

Sai na duba. Leah tana barci a bayan uwarta, hawaye ya bushe a kumatunta. Hannunta na hagu yana reto, ɗan ƙaramin yatsan an shafa masa tawada, alamar an yi. Tawadar har ta bushe.

"Tun ba ka kai bakin rijiya ba muka yi mata," in ji Malama Zakiyya, tana zuƙar ruwan kwalba a sirinji. "Ƙa'idarmu, ko yaro ɗaya ne ya zo, a fasa. Amma an gaya mini kai kaɗai ka san inda sauran suke."

Na juya na kalli Elizabet. Tana kallon ƙasa, kamar yadda surukar kirki take yi.

"Ai na sani," na ce. "Gwada ku nake yi."

Kamilu ya yi dariya har ya faɗo daga benci, yana riƙe da ɗaya daga cikin tagwayensa. Na zauna a kan saiwar tsamiya ina kallo ana yi musu ɗaya bayan ɗaya. Kwalbar farko ta ƙare, aka fasa ta biyu. Da aka gama da na ƙarshe, na ga Malama ta ɗaga ta tana dubawa a hasken rana.

"Saura na mutum nawa a ciki?" na tambaya.

"Bakwai."

"Kuma zubarwa za a yi?"

"In ba a samu yara ba."

Mai unguwa yana zaune a kujerarsa, shi da ya sa aka yi shelar dole har sau uku. Tun ɗazu yake yaba wa hukuma, yana cewa ai shi ya san mutanensa masu biyayya ne. Muka haɗa ido, ya girgiza mini kai a hankali, don shi ma ya zo mini raɗa jiya.

Na dafa sandata na miƙe, ƙuguna ya sake yin ƙarar nan, wannan karon ban yi tari ba.

"Ce wa direba ya jira, Malama. Ranka ya daɗe, ba ni mabuɗin gonar rogonka."