Ranar da Sarkin Mita Ya Bi Tsohuwar Hanya

A benen nan kowa da Sarkin Mita ya san shi, kuma wallahi ba a zalunce shi ba. In ruwa bai hau samansu ba, mita. In ya hau da ƙarfi ya fasa tiyo, mita. Matar da ke hawan samansu ta shanya wanki yana ɗiga masa a baranda, sai ya leƙa ya yi jawabi kamar mai neman ƙuri'a. Mai ɗakinsa ta daɗe da daina tanka masa, iyakarta ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta ci gaba da aikin gabanta.

Amma babbar mitarsa a kan cunkoso take. Kullum da safe yakan ɗauki Auta, 'yarsa ta ƙarshe, a tsohuwar motarsa, ya sauke ta a asibitin da take aiki a ɗakin gwajin jini, sannan ya wuce shagonsa na kayan famfo. Hanya ɗaya ce, ta cikin kasuwa, inda manyan motoci ke sauke kaya a tsakiyar titi kamar gidan ubansu. Nan za su tsaya cak, hayaƙi na shigowa ta taga, masu babur na saƙa tsakanin motoci, masu talla na ƙwanƙwasa gilashi. Shi kuwa ya dafe sitiyari yana faɗa da kowa da kowa.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, duk yininsa babu lokacin da yake so kamar wannan. A gida Auta ba ta magana. Ina ma wurin maganar? Ɗaki biyu da falo, talabijin na ihu, injin maƙwabta na ruri, ga bango siriri, in na kusa da ku ya yi atishawa sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Amma da zarar mota ta maƙale a kasuwa, sai bakinta ya buɗe. A nan yake jin labarin shugabarsu mai tsiya, da ƙaton mutumin da ya suma don ya ga allura, da abin da ya sa ta kuka ran nan a bayan ɗakin gwaji. Yayyenta duk sun watse, kowa da gidansa, sai gaisuwar waya. Ita kaɗai ta rage masa, kuma a cikin cunkoson nan kaɗai yake samunta.

Sai aka buɗe sabuwar gadar sama.

Gari ya ɗauka da murna, har da shi. Ranar farko ya dawo gida yana cika baki, wai da tun farko sun ji maganarsa da tuni an huta. Kafin mako ya zagayo murnar ta koma ciki. Tafiyar ta zama kamar ƙiftawar ido. Auta za ta buɗe fulas ɗin shayinta, kafin ya huce sun iso ƙofar asibiti, mai gadi na kaɗa hannu wai ba a tsayawa a nan. Sai "Sai yamma, Baba," ta fice. Da yamma kuwa a bas take dawowa, a gajiye, ta ci abinci ta kwanta.

Ana cikin haka mai ɗakinsa ta ƙara masa da wata. Tana ninke kaya ta ce, "Ka san asibiti na raba wa ma'aikata ɗakuna? Ƙawar Auta ma ta samu. Ita ma fa na ga kwanan nan duk ranar hutu sai ta fita. Ta ce tana da magana da kai."

"Wace magana?"

"Oho. Ni ta ce min kai za ta fara faɗa wa."

Shi ke nan, ya ce a ransa, tashi za ta yi. Ta tashi kuwa, wa zai ɗauka da safe? Ranar ko mitar ruwa bai yi ba, har matar sama ta aiko tambaya ko lafiya.

Washegari suna kan gada Auta ta gyara zama ta ce, "Baba, akwai wata magana…" Ba ta kai ƙarshe ba sai ga ƙofar asibiti, ga mai gadi da hannunsa. "Bari dai, sai gobe." Goben ma haka aka yi. Shi kuma ya rasa wanne ya fi masa, ya ji ko kada ya ji. A shago wani ya zo neman kan famfo, ya miƙa masa gam. Ya ga dai zaman zullumin nan ya fi jin maganar ciwo.

Da gari ya waye, suna isa kwanar gada ya miƙe abinsa.

"Baba, ka wuce kwana."

"Na sani. Gadar nan iska ta yi mata yawa."

Ta dube shi. Kasuwa kuwa tana nan yadda ya bar ta, Allah ya yi mata albarka. Ba su yi nisa ba suka maƙale a bayan wata motar siminti, gaba ba hanya, baya ba hanya. Ya kashe mota, ya juyo.

"To, faɗi. Ai na riga na sani. Ɗaki suka ba ki."

"Wane ɗaki?"

"Na asibiti mana. Ba komai, ki tafi. Ya fi miki kusa, kin huta da bas. Ni ma na huta da sammako." Ya yi tari, ya ɗora laifin a kan hayaƙi.

Auta ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta buɗe jaka ta ciro wani ɗan kati ta ɗora masa a cinya. Ya ɗaga, ya nesanta shi da fuska, ya kusanto, ya karkata shi wajen haske.

"Lasisin tuƙi ne, Baba," ta ce a hankali. "Nawa. Koyo nake zuwa ranar hutu."

"To, madalla. Amma me ya yi zafi?"

"Idonka."

Ya juyo ya dube ta.

"Ran nan a kan gada mai babur ya zo ta gefenka, ba ka gan shi ba sai da na yi ihu. Jiya ka hau dakalin titi ka ce su suka matso da shi. Kuma in mun zo danja sai ka ce min, 'Auta, me ta nuna?' wai gwada ni kake yi. Da a cunkoson nan ne ban damu ba, tafiyar ba ta wuce ta ƙafa. Amma a gada gudu ake, Baba. Tsoro nake ji."

Ransa ya ɓaci, ba ƙarya. Ya ji kunya kuma, irin kunyar da ke hawa har kunne. Shi da ya koya wa rabin unguwa tuƙi! Ya buɗe baki zai ce gilashin motar ne ya dushe, sai ya ga katin nan a hannunsa, har yanzu bai iya karanta ko layi ɗaya a jikinsa ba. Ya rufe bakin.

"Akwai likitan ido a wurinmu, na yi masa magana," ta ce. "Ya ce in kawo ka, wataƙila ma abin mai sauƙi ne. Kafin nan ni zan riƙa tuƙawa. In sauke ka a shago in wuce aiki, da yamma in biyo in ɗauke ka."

Ya ɗago kai. "Da yamma ma?"

"To a ƙafa za ka dawo?"

"Ke nan ba tashi za ki yi ba?"

"Haba Baba! In tashi in bar wa wa mitar? Mama ita kaɗai ba za ta iya ba."

Safe da yamma. Ya juya abin a ransa, ya ji wani sanyi ya ratsa shi, duk da haushin bai gama sauka ba. Ya kalli motar simintin, ko alamar motsi ba ta yi. Ya zare makulli ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba.

"Kuloci ɗin nan yana da hali, sai kin lallaɓa shi. Kuma kada ki taɓa min madubi."

"Baba, dole in taɓa madubi."

A tsakiyar titi suka fito suka yi musanyar kujera. Ya zauna a gefe, ya rasa inda zai sa hannuwansa, sai ya rungume fulas ɗin shayinta. Bai gama gyara zama ba aka buɗe hanya. Auta ta tayar da mota, ta sa giya, ta saki kuloci da sauri, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Nan take titi ya kaure da hon, wani direban bas ya leƙo yana zazzaga masifa.

Sarkin Mita ya sauke gilashi har ƙasa, ya fito da kai da kafaɗa.

"Kai, ku yi mana haƙuri mana! Ina za ku je da ba za ku isa ba? 'Yata ce ke tuƙi!"

Ya dawo ciki yana huci, ya dafa kafaɗarta.

"Rabu da su, Auta. Taka kuloci, sake tayarwa. A hankali, ba sauri muke yi ba."